Dalmar da Na Manna a Ƙarƙashin Sikelin Baba

Masu karatu, yau kaina zan tona wa asiri. Gara ku ji daga bakina da ku ji daga bakin Gwaggo, don ita in ta ɗauki labarin kaza, kafin ta sauke ya zama jimina.

Ga wanda ya shigo mana yanzu: ni ce autar gidan mai gyaran sikeli. Shekarata goma sha takwas, kuma Uwar Kiyashi ake ce mini a gida, saboda tun ina rarrafe ba ni da abin kallo sai ƙwari. Yanzu haka akwai kwalabe goma sha ɗaya a ƙarƙashin gadona, kowace da mai ita. A ciki har da wani buzuzu mai ƙaho ɗaya wanda in aka kunna rediyo sai ya juya mata baya. Umma ta ce ranar da ɗayansu ya fito ya hau mata ƙafa, da ni da su duk a waje za mu zauna.

Takardu biyu ne suka zo mini a mako ɗaya. Ta farko daga babbar jami'ar gwamnati, sashen nazarin ƙwari. Ta biyu daga wata kwaleji mai zaman kanta, ta 'ya'yan manya, wadda na zauna jarrabawarta don Gwaggo ta matsa, na kuma yi rashin sa'ar ci da kyau har suka ce in zo in karanta harkar kasuwanci kyauta, da ɗaki da abinci. Kowace ta ce in danna amsata a waya kafin ƙarfe shida na yammacin Asabar. In na danna ɗaya, ɗayar ta rufe ke nan.

Duka biyun na je na gani da idona. Jami'ar kamar an fasa gidan tururuwa. Aji guda ya ci mutum dubu, wasu a kan taga, wasu sun zo da kujerunsu daga gida, malami can ƙasa kamar tsinke, lasifikarsa tana tari. An ce karatun shekara huɗu yakan kai shida in yajin aiki ya ga dama. Amma a bayan sashen akwai wani suri da ya fi Yayana tsayi, an kewaye shi da waya, da wata tsohuwar malama mai tabarau ɗaure da zare wadda ta shekara talatin tana kanga kunne a jikinsa. Ta ce in kanga nawa. Jama'a, ashe gara na magana. Sautin kamar ruwan sama ne a kan rufin wani gida mai nisa. Sai da aka taɓa ni na tashi.

Kwalejin kuwa da Gwaggo muka je. Ta sha leshi ruwan ganye mai duwatsu, ta ɗaura ɗankwali kamar za a ɗauke ta hoto, ni kuma ta sa ni cikin doguwar riga ruwan toka da takalmi mai tsini wanda ya tsane ni tun daga kanti. Ƙofofin wurin da kansu suke buɗewa. Gwaggo ta shiga ta fita sau uku, wai tana gwada ladabinsu. Aji mutum goma sha biyu, kowa da kujera mai juyawa, sanyi har cikin ƙashi. Ciyawa an aske ta kamar kan ango. Na duƙa a gindin wata fulawa kamar mai gyara takalmi, na duba, na sake dubawa. Ko kiyashi ɗaya babu. Na tambayi mai kula da lambun, ya buga ƙirji ya ce kowace safiya suke feshi. Ni dai na rasa inda zan sa wannan albishir.

Sai kuma shi. A wayata Gam na sa masa suna, don aikinsa ke nan: ɗinke littattafan da suka yage a ɗakin karatun jami'ar, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene mai warin takarda. Dogo ne siriri, yatsunsa kullum a manne da juna, magana kuma sai ka ja ta da ƙugiya. A shagon Baba muka haɗu, ya kawo ɗan sikelin da yake auna garin gam da shi. Ya same ni kwance rub-da-ciki ina kallon kiyashi suna ɗauke da fiffiken fara, bai yi dariya ba, ya tsuguna ya tambaye ni ina za su kai shi. Tun daga ranar nake amsa saƙonsa. Ya taɓa ba ni 'yar kwalbar gam ɗin da yake haɗawa da kansa, mai ƙamshin kanumfari, wai in riƙa manna sunaye a kwalabena.

Gwaggo yayar Baba ce, a gidanmu take zaune, kuma ta riga ta yanke cewa ba karatu ke kai ni jami'a ba, mai gam ne. Safe da rana maganar ke nan. Ta ce a kwaleji zan zauna da 'ya'yan waɗanda ake tashi tsaye in sun shigo, a jami'a kuwa zan tsufa a layin karɓar fom. Ta ce ita ba ta taɓa jin an ce wance ta yi arziki da kyankyaso ba. Yaya, da yake direba ne, lissafinsa ɗaya: titin kwaleji ba shi da rami. Matarsa kuma rigar makarantar ce ta tafi da ita. Umma in an tambaye ta sai ta tuna ta bar wani abu a wuta.

Ni kaina, in zan faɗa muku gaskiya, wani lokacin nakan kwanta in tambayi zuciyata: surin nan kike so, ko mai ɗakin ƙarƙashin bene? Sai ta yi mini shiru kamar ba da ita nake ba.

Ranar Alhamis gardama ta yi zafi har Gwaggo ta ture shayinta. Baba ya share gemunsa ya ce Asabar da ƙarfe huɗu za a fito da Tsohuwa.

Bari in gaya muku wace ce Tsohuwa. Sikeli ce mai faranti biyu ta farin ƙarfe da tagulla, wadda Baba ya gada daga ubangidansa, ba a auna kayan kowa da ita. A gidanmu in magana ta gagari baki, ita ake kaiwa ƙara. Duk wanda ya kai sha takwas yana da notinsa a cikin wani gwangwani, kuma girman noti gwargwadon shekarun mai shi ne. Na Gwaggo na tayar babbar mota ne, in ya faɗo maka a ƙafa sai asibiti. Nawa, da aka ba ni wata biyu da suka wuce, da kaɗan ya fi na ƙafar tabarau girma. Ana rataye 'yan jakunkuna biyu a bayan labule, fara da baƙa, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa notinsa inda yake so. Baba ya ɗaure bakinsu ya auna. In an gama ya juye su tare cikin gwangwani, don kada a ga wa ya bi wa a yi gaba. Da ita aka zaɓi unguwar da muke ciki, da ita aka hana Yaya sayen babur.

Ban taɓa ganin awon ba, don ana korar yara. Na lallaɓa na tambayi Umma, ta ce abin da mai maganar yake so shi ake sa wa farar jaka, wato jami'a ke nan a nawa, kuma a farantin dama ake ɗora ta. Na zauna na yi lissafi da yatsu. Ko da Umma da Baba sun tausaya mini, notin Gwaggo da na Yaya da na matarsa sun isa su ɗaga mu sama mu uku.

Na tura wa Gam saƙo: "Jibi za a auna ni."

Ya amsa bayan awa ɗaya: "Allah ya sa ki yi nauyi."

Na ce: "Ba wasa nake ba."

Ya ce: "Duk inda kika faɗa, alheri ne." Har da hoton fulawa. Na kife wayar. Mutum ana shirin raba shi da kai yana turo fulawa.

Ranar Juma'a da hantsi Baba ya tafi kai wa wani mahauci sikelinsa, ya bar ni gadin shago. Shagon a jikin gidanmu yake, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, sikeli rataye ko'ina kamar jemagu. Tsohuwa tana kan kantar shagon a lulluɓe da zane. Masu karatu, kada ku ce Shaiɗan, ni ce. Na buɗe akwatin da Baba ke tara abin da yake cirowa daga sikelin 'yan ha'inci, na zaɓi wata dalma mai faɗi kamar murfin kwalba, na shafa mata gam ɗin kanumfari, na manna ta ƙarƙashin farantin dama. Da yake ana kulle sandar sikelin da ɗan ƙarfe sai an zo awo, ba wanda zai ga ta karkata. Na riƙe dalmar ina ƙirga ɗari. Na mayar da zane, na wanke hannu sau biyu, na koma ina kallon ƙasa kamar mutuniyar kirki.

Asabar ƙarfe huɗu muka hallara a falo. An kawar da teburin tsakiya, an kashe fanka don iska ma Baba bai yarda da ita ba. Gwaggo ta zo da notinta a cikin jakar hannu, nannaɗe da hankici, don ita ba ta barinsa a gwangwani. Matar Yaya ta yi kwalliya kamar za a ba ta kyauta. Ni na sa tsohuwar rigata mai aljihu, waya a ciki. Ɗaya bayan ɗaya muka shiga bayan labule. Da Gwaggo ta jefa nata sai da ƙusar bango ta yi ƙara. Nawa ko sauti bai yi ba.

Baba ya ɗora farar jaka a dama, baƙa a hagu, ya zare ƙarfen. Dama ta yi ƙasa a hankali, kamar tsohuwa za ta zauna, ta zauna.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge ta mayar. Yaya ya dubi matarsa, matarsa ta dubi silin. Ni kuwa zuciyata ta riga ta kai bakin suri ta kanga kunne. Har na zura hannu aljihu zan danna.

Sai na ga Baba ya mayar da ƙarfen, ya ɗauke jakunkunan, ya musanya musu wuri.

Na ce, "Baba, ai an gama."

Ya ce, "Wa ya taɓa awo sau ɗaya a gidan nan?"

Ashe haka kowane mai gyaran sikeli yake yi, ya auna, ya juya kaya, ya sake aunawa, don in laifin na sikeli ne ya fito fili. Shekara goma sha takwas ina shiga shagon nan, kullum yana yin haka a gabana, ni kuwa idona na ƙasa wajen kiyashi. Ko sau ɗaya ban ɗaga kai na kalli hannunsa ba.

Ya zare ƙarfen. Dama ta sake zama, wannan karon da baƙar jaka a cinyarta.

Baba bai dubi kowa ba. Ya sauke jakunkunan, ya cire farantin dama daga sarƙarsa, ya kife shi. Ga dalmata nan zaune daram. Ya kai hanci ya sansana, ya miƙa wa Umma, Umma ta sansana ta miƙa wa Gwaggo. Haka farantin ya zagaya falo kamar turaren gwaji.

Gwaggo ta ce kanumfari ne, kuma duk garin nan mutum ɗaya ta sani da yake yawo da wannan ƙamshi. Ta ce dama shiru-shirun nan ba na banza ba ne, mugun ruwa shi ne kwantacce. Yaya ya miƙe yana neman makullin mota, wai zai je ya ji ta yaya mutum zai shiga shagon ubansa. Baba ya ce in haka ne, yaron ya gama taka ƙofar gidan nan.

Kun san na yi tunanin yin shiru? Na yi, na kusan numfashi uku. Sai na tuna yadda yake tsugunawa ya tambayi inda kiyashi za su.

Na ce, "Ni ce. Jiya da hantsi. Shi ko labari ba shi da shi."

Umma ta rufe baki da mayafi, kuma na rantse kafaɗunta rawa suke yi. Baba ya sa wuƙa ya ɓamɓare dalmar, ya jinjina ta a tafin hannu. Na jira tsawa. Sai ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne girmanta: 'yar mai gyaran sikeli ta rasa abin mannawa sai wanda makaho ma zai gani. Ya ce an karɓe notina na shekara guda.

Gwaggo ta ce to a mayar da faranti a sake awo, lokaci na tafiya. Baba ya nuna mata wurin da wuƙa ta kankare, gam ya ci tagullar ya bar tabo. Ya ce farantin ya rage nauyi, sai an wanke, an cike, an daidaita shi da ɗan'uwansa, aikin kwana uku ne. Ta ce a ɗauko wata sikelin, shago cike yake da su. Ya ce na mutane ne, ba a shari'ar gida da kayan amana. Ta ce to a buɗe jakunkuna a ƙirga. Kafin ta rufe baki ya kwance su ya juye cikin gwangwani, ya girgiza.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, ai ya ga yadda allurar ta tsaya a awo na farko da na biyu, mai sana'a irinsa ya san wace jaka ce ta fi nauyi.

Ya ce, "Na sani."

"To wacce ce, Baba?"

"Da ni za a binne wannan. Kin hana Tsohuwa magana, sai ki yi da bakinki. In ya yi daɗi naki, in ya yi ɗaci naki, ba wanda za ki ce ya tura ki."

Agogon bango ya ce biyar da kwata. Na zaci Gwaggo za ta tayar da gidan, sai na ga ta gyara zama tana nannaɗe notinta cikin hankici, tana wani murmushi da ban so ba. Ta ce in danna jami'ar mana, in je in ga ko zan same shi a ƙarƙashin benen.

Na ce ban gane ba.

Ta ce wanda ya riga ka kwanciya dole ya riga ka tashi. Tun makon jiya ta je ta same shi a wurin aikinsa, ta shaida masa magana ta ƙare, kwaleji zan tafi. Da ta ga idonsa ya kawo ruwa sai ta ce kada ya damu, ƙawarta ce ke riƙe da ɗakin karatun kwalejin, kuma suna neman mai yi wa littattafansu bango na zinariya, don a can ba a yaga littafi, jera shi ake yi. Ta kai shi da kanta. Sun ɗauke shi. Ta ce masa ya yi shiru sai an yanke magana a gida, don ya zama albishir.

"Ke dalma kika manna," in ji ta, "ni mutum na ɗauke ɗungurum na sa a farantina."

Baba ya dube ta ya ce ita ma notinta na shekara guda. Ta ce ya zo ya karɓa in ya isa, ita da ta goya shi.

Wayata ta yi motsi a aljihu. Gam ne: "An gama? Ina hanya. Na ajiye aikin jami'a jiya. Litinin zan fara a wurinku. Kullum zan riƙa ganinki ta taga." Fulawa uku wannan karon.

Na shige ɗakina na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa na jingina da gado. Biyar da rabi ta wuce. Ku duba mini wannan lamari: Gwaggo na can, Yaya na can, ɗaki mai sanyi na can, yanzu shi ma yana can. A ɗaya gefen ba kowa sai layi, da yajin aiki, da tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare, da tulin ƙasa. Tambayar da zuciyata ta ƙi amsawa wata guda, Gwaggo ta raba mini ita gida biyu da hannunta, ba ta sani ba.

Na rufe ido na ga kaina a kujera mai juyawa, shekara huɗu, ina leƙa taga ina ganinsa yana shafa zinariya. Abin ya yi kyau ƙwarai. Na jira in ji daɗi. Sai na tarar a cikin mafarkin ma idona ya bar tagar ya koma ƙasa, yana neman abin da ke tafiya a kan tayil, babu.

Shida saura minti tara na buɗe shafin jami'a. Na danna. Suka tambaye ni ko na tabbata. Na ce wa wayar, da ƙarfi, ita ma ta fara? Na sake dannawa.

Ban ko tashi ba na ji sallamarsa a ƙofar gida, a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Na leƙa ta labulen taga. Yana tsaye cikin sabuwar rigar ma'aikatan kwaleji, shuɗiya mai maɓallan zinariya, hannunta ya yi masa gajere, wuyanta ya yi masa yawa. Ya yi aski. Ya goge takalmi. Yatsunsa ma ya wanke su tas, karo na farko tun da na san shi, yana ta jujjuya su kamar aro ya yi. Sai murmushi yake wa ƙofa.

Daga falo na ji muryar Gwaggo, har da 'yar waƙa a ciki: "Uwar Kiyashi, fito ga ɗan makarantarku ya zo."

Na ɗauki mayafi, ya faɗi, na sake ɗauka. Umma na tsaye a bakin ƙofata. Ta dubi fuskata, ta dubi wayar da ke hannuna. Ta gyara mini mayafin a kafaɗa ta ce a kunnena:

"Ki bari ya zauna tukuna kafin ki faɗa masa. Dogo ne, faɗuwarsa da nisa."